Ɓarauniyar hanya a cikin aisi: buɗe zane zai toshe ta?

Aminu Ɗan Makaranta: Assalamu alaikum 'yan gida. Ina da magana, na kuma san za ta ta da ƙura. Duk furosesar da ke cikin kwamfutocinmu da wayoyinmu, ko ta Intel ce, ko ta AMD, ko kuma tsarin ARM ne da su Qualcomm da MediaTek da Apple ke gini a kansa, babu guda da aka yarda ka ga zanen cikinta. Ka biya kuɗinka, a miƙo maka, a ce ka yarda kawai. RISC-V kuwa, wadda ita ma tsarin furosesa ce, tun da aka fara ta a Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley a 2010 a buɗe take, ba kuɗin lasisi, ba neman izinin kowa. Har ƙungiyar da ke kula da ita ta tattara ta koma Suwizalan a 2020 don kada rigimar Amurka da Sin ta rutsa da ita. Ni a ganina ranar da duniya ta koma RISC-V, zancen ɓarauniyar hanya, wato ɓoyayyiyar ƙofar da ake bari don shiga na'ura ba da izinin mai ita ba, a cikin aisi (IC, ƙwayar lantarkin da ke kan bod) ya ƙare, tunda kowa na kallon zanen. Wa ke da ja?

Sani Mai Gyara: Wa alaikumus salam. Ni ina da ja, duk da ban shiga ajinku ba. Malam Aminu, ka taɓa riƙe aisi da hantsaki? Baƙin abu ne mitsitsi da rubutu a bayansa. Rubutun nan shi ne iyakar abin da na sani game da shi. A kasuwar waya ta Farm Centre a Kano aisin caji da aisin wuta na zuwa mana a leda, wani sabo ne, wani an cire shi ne daga mataccen bod aka wanke aka sake masa ƙwallayen dalma, wani kuma an goge bayansa an buga sabuwar lamba. Sai na ɗora a waya na ga ta ɗauki zafi nake gane an yi mini sakiya. To ka ba ni zanen a takarda, yaya zan yi in san shi ne a cikin abin da ke kan teburina?

Injiniya Hadiza: Malam Sani ya riga ni, kuma tambayarsa ita ce tambayar da manyan masu bincike ke ta fama da ita. Aminu ƙanena, akwai abu biyu da ka haɗa. RISC-V jerin umarni ne, wato yaren da furosesa ke ji. Shi ne a buɗe. Amma kamfanin da ya gina furosesa mai jin wannan yaren ba dole ba ne ya nuna maka zanensa, kuma da yawa ba sa nunawa. Ko a 2024 masu bincike na cibiyar CISPA a Jamus sun gano aibi a furosesar C910 ta T-Head, reshen Alibaba, suka sa masa suna GhostWrite. RISC-V ce sak. Amma manhajar da ba ta da wani iko tana iya rubutu kai tsaye a duk inda ta ga dama cikin memori. Maganin da aka samu shi ne a kashe wannan sashen na furosesar gaba ɗaya, a haƙura da saurinsa.

Sannan ko da zanen a buɗe yake har ƙasa, dubi tafiyar da ke gabansa. Injiniya zai rubuta shi da Verilog, yaren rubuta zanen aisi. Wata manhaja, wadda yawanci ta Synopsys ce ko Cadence kuma a rufe take, za ta mayar da shi taransistoci da wayoyi. A haɗa shi da wasu sassa da aka sayo daga wasu kamfanoni, kamar na USB da na memori. A tura masana'anta, galibi TSMC a Taiwan ko Samsung a Koriya ta Kudu, su buga shi a kan silikon. Wani kamfanin ya yanka ya rufe shi da baƙin roba, wani ya ɗora a bod, wani ya yi lodi, ya bi ta tashoshi kafin ya iso hannun Malam Sani. A kowane zango akwai hannun da ba ka sani ba.

Aminu Ɗan Makaranta: Amma Anti, ai ana iya ɓare aisin a duba da madubin lantarki a gwada da zanen.

Injiniya Hadiza: Ana iyawa, ana ma yi. Ana narkar da robar da asid, a riƙa kankare bene-bene ana ɗaukar hoto. Sai dai A17 Pro ta Apple kaɗai taransista biliyan 19 ce a ciki. Kuma wanda ka ɓare ya mutu, ba shi za ka mayar cikin wayarka ba, sai dai ka yi fatan ɗan'uwansa haka yake. Ga wani abin kuma: a 2013 Georg Becker da abokan aikinsa sun nuna cewa ana iya lalata sashen da ke samar da lambobin sirri ba tare da an ƙara waya ko taransista ko ɗaya ba. Sinadarin da ake cusa wa silikon a wasu 'yan taransistoci kawai za a sauya. A hoto komai daidai yake, ya kuma ci gwajin da aisin ke yi wa kansa, amma mabuɗan da yake fitarwa masu sauƙin canka ne. Gwaji ne na masana, ba a kama kowa yana yi ba. Amma ya nuna ido kaɗai bai isa ba.

Alhaji Garba: Yaran nan kuna ta maganar abin da za a iya yi. Bari in ba ku wanda aka riga aka yi, aka kuma daɗe ana yi. Akwai kamfani a Suwizalan, Crypto AG, mai ƙera na'urorin kulle saƙo. Ofisoshin jakadanci da rundunonin soja na ƙasashe sama da 120 sun saya, don ana ganin Suwizalan ba ta ɓangaren kowa. Ashe tun 1970 CIA da hukumar leƙen asirin Jamus ta Yamma ne suka saye kamfanin a ɓoye. Su ke tsara yadda za a raunana kullin, su sayar maka, ka biya da kuɗinka, su zauna suna karanta wasiƙunka. Iran ta saya, Libiya ta saya, Indiya da Pakistan duk sun saya, har fadar Paparoma. A yaƙin Falklands na 1982 saƙonnin Ajantina ana karantawa ana miƙa wa Birtaniya. Jamusawa sun zare hannu a farkon shekarun 1990, CIA kuwa sai 2018. Asirin bai gama tonuwa ba sai Fabrairun 2020, da jaridar Washington Post da tashar ZDF ta Jamus suka samu takardun.

Musa Maraɗi: Ranka ya daɗe, mu nan Afirka mun shiga ciki?

Alhaji Garba: Najeriya kam ta shiga, amma ta wata irin hanya. A cikin takardun Jamusawan an ce Najeriya ta sayi na'urorin da yawa. Aka yi shekara biyu masu saurare ba su ji ko tari ba. Sai aka turo wakilin kamfani ya zo ya ga me ke faruwa. Ya tarar da kayan a sito, ko kwalinsu ba a buɗe ba.

Sani Mai Gyara: Hahaha! Wallahi Baba Alhaji ka gama da ni. An ci kwangila, an ajiye kaya, CIA ta tashi a tutar babu.

Musa Maraɗi: Abin dariya abin kuka. Amma ni abin da ya tsaya mini, Rasha da Sin ba su taɓa sayen kayan kamfanin ba, ko ba haka ba? Wanda ke iya ƙera nasa ya tsira, mu masu saye mu ne nama. Kuma ba ɓangare guda ba ne. A Janairun 2018 jaridar Le Monde ta rubuta cewa hedikwatar Tarayyar Afirka a Addis Ababa, wadda Sin ta gina kyauta aka buɗe a 2012, kowane dare bayanai na fita daga sabobinta, wato manyan kwamfutocin ajiyar bayanai, zuwa Shanghai har wajen shekara biyar. Sin ta ƙaryata, shugabannin Tarayyar ma sun ƙaryata. Ta ɗaya gefen kuma takardun Snowden sun nuna hoton ma'aikatan NSA, hukumar leƙen asirin sadarwa ta Amurka, sun tare rautocin intanet na kamfanin Cisco a hanya, sun buɗe kwali, sun dasa abinsu, sun sake liƙewa. In ka gudu daga wannan ka faɗa hannun wancan.

Ɗanlami: Yawwa, yanzu kuka zo wurin. Ni tuntuni nake faɗa. Kowace waya akwai abin da aka dasa a ciki. Ba ku ga Labanan ba? Daga nesa suka latsa, na'urorin karɓar saƙo na feja suka yi ta fashewa a aljihun mutane. Haka za su iya yi wa kowa a cikinmu duk ranar da suka ga dama. Ga kuma ɗan aisin nan kamar ƙwayar shinkafa da Sin ta dasa a kwamfutocin Apple da Amazon.

Injiniya Hadiza: Malam Ɗanlami, a yi hattara, kada a haɗa gaskiya da jita-jita a tukunya ɗaya. Abin da ya faru a Labanan ranar 17 ga Satumban 2024 gaskiya ne, kuma mummuna ne: mutum kusan 3,000 suka jikkata a ranar farko, har da yara cikin waɗanda suka rasu, washegari kuma rediyoyin oba-oba suka fashe. Amma ba kutse aka yi wa batiri ya fashe ba. Nakiya aka cusa a cikin na'urorin tun wurin ƙera su, aka sayar wa Hizbullah ta hannun kamfanonin bogi da sunan Gold Apollo na Taiwan a jiki. Wayar da ke hannunka babu nakiya a cikinta. Batirin waya na iya kumbura ko ya kama wuta, amma ba ya yin irin waccan ɓarnar.

Zancen ƙwayar shinkafa kuma Bloomberg ce ta buga a Oktoban 2018, ta ce an dasa a bod ɗin sabobin kamfanin Supermicro da Apple da Amazon ke amfani da su. Apple da Amazon da Supermicro duk sun ƙaryata da kakkausar murya, Tim Cook ya fito ya ce a janye labarin, hukumomin tsaron Amurka da Birtaniya suka ce ba su da dalilin shakkar kamfanonin. Har yau ba wanda ya ɗaga bod ɗin ya nuna wa duniya. Ana iya yin irinsa? Ana iyawa. An tabbatar an yi? A'a.

Ɗanlami: To dama wa zai yarda an kama shi? Injiniya ke ma kin san ba za su amsa ba.

Injiniya Hadiza: Haka ne, amma rashin amsawarsu ba hujja ba ce. In muka ce duk wanda ya musa ya tabbatar, babu labarin da za mu iya tantancewa kenan.

Ni abin da ya fi hana ni barci ma ba dashe ba ne, kuskure ne. Ku tuna Janairun 2018, aibobin furosesa da aka sa wa suna Meltdown da Spectre. Jann Horn na Google da masana na jami'ar Graz a Ostiriya da Paul Kocher da wasu suka gano su, kusan lokaci guda. Ba wanda ya dasa komai. Dabarar ƙara sauri ce da aka fara tun tsakiyar shekarun 1990: furosesa ba ta jiran a tabbatar mata hanyar da za ta bi, sai ta canka ta fara aiki. Kamar mai shayin da ya san ka ne. Yana hango ka zai fara haɗa naka, madara biyu ba suga. In ya canka daidai, an yi sauri. In ka ce yau ba shayi za ka sha ba, ya zubar kamar ba a yi ba. Amma kofin na nan da ɗuminsa, gwangwanin madara a buɗe, wanda ya zo bayanka in mai lura ne ya san abin da aka haɗa. A furosesa, wannan ɗumin shi ne ɗan rumbun kusa da take ajiye abin da ta taɓa kwanan nan. Manhajar ɓarawo sai ta auna lokaci: abin da ya zo da sauri an taɓa shi, wanda ya yi jinkiri ba a taɓa ba. Da haka take tsinto kalmar sirri ɗaya bayan ɗaya daga wurin da ba a ba ta izini ba. Shekara ashirin abin na gaban dubban injiniyoyi, an rubuta dabarar a littattafan koyarwa, ba wanda ya ga ramin. Aminu, ka ga ke nan yawan idanu bai wadatar ba.

Aminu Ɗan Makaranta: Na ji wannan. Amma Intel ME fa? Wannan ai ba kuskure ba ne, da gangan aka sa.

Injiniya Hadiza: Nan kam ina tare da kai. Wata ƙaramar kwamfuta ce a cikin kwamfutarka, tun wajen 2008. Tana aiki ko ka kashe, muddin akwai wuta a jiki, kuma Windows ko Linux ba su ganin abin da take yi. AMD ma na da irin tata. An yi ta ne don ma'aikatan kamfani su iya gyara kwamfutoci daga nesa. Sababbin suna tafiya ne a kan wata ƙaramar babbar manhaja irin su Linux mai suna MINIX, kuma shi kansa Andrew Tanenbaum da ya rubuta MINIX sai a 2017 ya ji labari. A shekarar ce aka gano cewa a kwamfutocin ofis masu AMT, wato sashen ME na gyara daga nesa, in ka tura amsar kalmar sirri fanko, sai ta buɗe maka. Sakaci ne ko ganganci? Daga waje kamarsu ɗaya. Haka a 2023 Kaspersky, mai aikin tsaron kwamfuta, ta gano an yi wa iPhone ɗin ma'aikatanta kutse ta wasu rajistocin aisin Apple da ba a rubuta su a kowace takarda ba. Mai yiwuwa na gwajin masana'anta ne aka bari. Yadda maharan suka san da su, ba a bayyana ba.

Abdul Kumasi: Salamu alaikum, na daɗe ina karantawa. Duk wannan na manya ne. Mu talakawa abin da ya same mu a nan ya fi kusa. A 2020 kamfanin Upstream ya ba da rahoton cewa wayoyin Tecno W2 wajen 53,000 sun iso da muguwar manhajar Triada tun daga kwali, a Habasha da Kamaru da Masar da Gana da Afirka ta Kudu. Ba leƙen asiri take yi ba, kuɗi take ci. Tana yi wa mutum rajistar abin da bai nema ba, kati na ƙarewa, data na ƙarewa, ko ka mayar da wayar yadda ta fito daga kamfani abin na dawowa. Transsion, mai kamfanin Tecno, ta ce wani dillali ne a cikin masu kawo mata kaya ya sa, ta kuma fitar da gyara. Mai sayar da koko da ta tara kuɗi ta sayi wayar, ina ta san da wani gyara?

Sani Mai Gyara: Malam Abdul ka taɓo inda ke mini ƙaiƙayi. Irin wannan sai filashin, shi ma in ka samu fayil mai tsabta. Kuma mu faɗi gaskiya, fayilolin da ake filashin da su a kasuwa daga intanet ake kwasowa, wa ya san wanda ya taɓa su? Ga filash da memori na bogi. A jiki an rubuta 64GB, kwamfuta ma ta nuna 64GB, alhali 8 ne a ciki. An yi wa ɗan aisin da ke kula da shi ƙarya ne ya riƙa faɗin abin da ba shi da shi. Kana zuba hotunan biki yana karɓa, yana taka na farko da na baya, sai ranar da ka buɗe ka ga fayil ya ƙi buɗuwa. Ni yanzu duk wanda zan saya da yawa sai na sa manhajar gwaji ta H2testw ta cika shi taf ta karanto. Yana cin lokaci, amma ya fi rigima da kwastoma.

Sannan aibin da ba ya gyaruwa da Injiniya ke faɗa, mu muna ganinsa da ido. Tun da hanyar kutsen da ake kira checkm8 ta fito a 2019, daga iPhone 4S har zuwa X, in wayar na hannunka da kebul, ka shiga. Aibin na cikin sashen da aka ƙone a aisi tun masana'anta, Apple ba ta da yadda za ta yi da sabuntawa. Masu gyara sun ji daɗi, ɓarayin waya ma sun ji daɗi.

Musa Maraɗi: To katin banki da katin ɗan ƙasa fa? Su ma aisi ne a jiki. Na ɗauka waɗannan an tantance su.

Injiniya Hadiza: An tantance, da takardar shaida mai tsada ma. Amma a 2017 masana na jami'ar Masaryk a ƙasar Cek suka gano cewa yadda wasu aisin Infineon ke haɗa mabuɗin RSA, tsarin kulle mai mabuɗi biyu, na fili da na sirri, akwai rauni, ana iya lissafo mabuɗin sirri daga na fili. Estoniya, wadda kusan komai nata da katin ɗan ƙasa ake yi har zaɓe, sai da ta dakatar da shaidar katuna sama da 700,000. Aisin ya ci duk jarrabawar da aka yi masa. Masu jarrabawar ba su duba wurin ba ne kawai. Abin da ya ceci Estoniya shi ne tana da hanyar sabunta katunan daga nesa da mutanen da suka san abin da za su yi cikin makonni.

Alhaji Garba: 'Yata, nan ne nake so a tsaya. Ba za mu ƙera aisi ba, kada mu yaudari kanmu. Injin da ake buga mafi ƙanƙantar taransista da shi kamfani ɗaya ne tak ke yin sa a duniya, ASML na Holan, ko Sin an hana a sayar mata. Amma duba kaya ba sai ka iya ƙera su ba. Birtaniya ta kafa cibiya a Banbury a 2010 don binciken kayan Huawei kafin a sa su a layukanta. Rahotonsu na 2019 bai ce sun ga hannun gwamnatin Sin ba, cewa ya yi aikin injiniyancin ne ke da sakaci mai yawa. Ko wannan ai sani ne. Mu kuwa a sayo na'urar zaɓe, a sayo ta banki, a sayo ta soja, wa ke buɗe guda ɗaya ya ga abin da ke ciki? A takardar kwangila ma ba a rubuta shekara nawa mai kaya zai ci gaba da aiko da gyara.

Ɗanlami: Baba Alhaji, in an kafa cibiyar ma, kayan aikinta a kwali za su tsufa.

Alhaji Garba: Allah ya shirye ka Ɗanlami.

Aminu Ɗan Makaranta: Duk na ji, amma ban sauka gaba ɗaya ba. In zane a rufe yake, matsala biyu gare ka: ba ka san zanen ba, ba ka san abin da aka buga ba. In a buɗe yake, saura ɗaya. Shi ya sa Google da lowRISC suka fara OpenTitan a 2019, aisin tsaro da kowa zai iya karanta zanensa. Ragin matsala ai ba abin rainawa ba ne.

Injiniya Hadiza: Wannan maganar ta fi ta farko, kuma ban ƙi ta ba. Akwai ma masu ƙoƙarin rage ta biyun. Andrew Huang, wanda ake kira bunnie, ya gina na'urarsa Precursor a kan FPGA, wato aisin da ke zuwa fanko kai ka zuba masa zanen furosesar da kanka. Hujjarsa ita ce mai son yin dashe a masana'anta bai san a wane lungu zanenka zai sauka ba. Yana kuma aiki a kan leƙa cikin aisi ta bayansa da hasken infared, tunda silikon na barin wannan hasken ya ratsa, ba sai an fasa ba. Ba ya nuna taransista ɗaya-ɗaya, amma zai nuna in an ƙara wani babban sashe ko an musanya aisin. Farashin wannan hanyar shi ne sauri: furosesar da ke kan FPGA ba za ta ɗauki WhatsApp da bidiyo ba.

Kafin nan, abin da ya fi kusa da mu shi ne tsofaffin laftof na ofis da ake kawowa tokumbo. Yawancinsu ba a taɓa sabunta musu BIOS ba, wato manhajar da ke tayar da kwamfuta kafin Windows, kuma ta nan ne gyaran ME da wani sashe na gyaran Spectre ke shigowa. Windows 10 ma Microsoft ta daina tallafa masa a Oktoban 2025. Malam Sani, in da za ku riƙa sabunta BIOS kafin ku miƙa wa mai saye, da kun toshe ramuka da yawa.

Sani Mai Gyara: Injiniya, a wutar nan tamu? Ana tsakiyar sabunta BIOS a ɗauke wuta, batirin tokumbo kuma minti biyar ne, bod ya mutu, wa zai biya? Sai dai in mai kaya ya yarda a ƙara masa kuɗin aiki in yi a kan inbata.

Aminu Ɗan Makaranta: Anti, in ina son in gwada na FPGA ɗin a aikin kammala karatuna, daga ina zan fara?

Injiniya Hadiza: Nemi ƙaramin bod mai iCE40 na Lattice. Shi ne wanda manhajojin buɗe, Yosys da nextpnr, ke iya yi masa komai tun daga Verilog har zuba zane, ba sai ka taɓa ta kamfani ba. Ɗora masa PicoRV32, ƙaramar furosesar RISC-V ce da za ka iya karance ta cikin 'yan kwanaki. In ta tashi, sai ka dasa mata ɓarauniyar hanya da hannunka, misali wani jerin lambobi da in ya shigo zai tsallake binciken izini. Ka ba abokan ajinka zanen ba tare da ka faɗa musu wurin ba, ka ga kwana nawa za su yi kafin su gano. Sakamakon shi ne babin da malaminka zai fi so.

Sani Mai Gyara: In bod ɗin ya iso ka kawo shago mu sa shi a madubina tukuna. Na Lattice ma ana buga na bogi.